Na'ura ta ce fatata ta girme ni da shekara 13

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina da tambaya, amma kada a yi mini dariya. Ranar Asabar na raka ƙanwata wani shagon kayan kwalliya, sai yarinyar shagon ta ce in zo a duba mini fuska kyauta. Ta sa na ɗora haɓata a kan wani abu irin na masu gwajin ido, haske ya walƙa sau uku, ta kuma dangwala mini wani abu mai kama da biro a kumatu da goshi. Sai ga hotona a allo, duk ɗige-ɗige kamar an watsa mini toka, a ƙasa an rubuta 51. Wai shekarun fatata ke nan. Ni kuwa watan jiya na cika 38. Ban gama farfaɗowa ba ta jero mini mayuka huɗu, kuɗinsu ₦85,000. Ban saya ba don ba ni da su, amma wallahi tun ranar ba na wuce madubi ban tsaya ba. Abin nan gaskiya yake faɗa? Ta yaya ma ake auna tsufan fata?

Baban Abba:
Da kin sayi mayukan kin koma bayan sati, na rantse 29 za ta ba ki.

Hajiya Mai Dilka:
Kai Baban Abba ba ka da dama. Maman Iman kwantar da hankalinki 'yata. Shekarata ashirin da wani abu ina gyaran amare, ban taɓa jona komai a wuta ba kafin in san halin fata. In na ɗan matsa kumatu da yatsa biyu na saki, na ga yadda ta koma, na shafa bayan hannuna a goshi, na gama karatuna.

Ummi ta Jamus:
Anti Maman Iman, kafin in ce komai, ƙarfe nawa aka yi gwajin? Akwai hoda a fuskarki? Kuma kin ɗan zauna kafin a fara, ko daga shigarki ne?

Maman Iman:
Wajen ƙarfe biyu na rana. Saukarmu ke nan daga adaidaita, ga hunturun nan. Hoda kuwa akwai, har da ta ruwa a ƙasanta.

Ummi ta Jamus:
To ai magana ta ƙare. Ƙurar hanya da hoda aka auna miki. Ni aikin da nake yi ke nan a ɗakin gwaji inda nake karatu, muna gwada mayuka a jikin masu sa kai. Ranar gwaji ba a shafa komai. Mutum zai zauna minti 20 zuwa 30 a ɗakin da aka daidaita sanyinsa wajen digiri 20 zuwa 22, danshin iska kuma kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, sai jikinsa ya huce. In ya yi gumi ko ya sha shayi mai zafi, lambobin sun tashi daga aiki.

Kuma babu wata na'ura ɗaya da ke auna tsufa. Kowace da abin da take dubawa. Wannan mai kama da biron, in irin Corneometer ce, ruwan da ke cikin ɓawon fata na can sama kawai take aunawa, ta hanyar lantarki. Ƙasa da 30 fata ta bushe sosai, sama da 40 tana da isasshen ruwa. Akwai Cutometer, ita wani ɗan rami gare ta mai faɗin milimita 2, tana zuƙo fata ciki ta saki, sai ta rubuta nisan da fatar ta miƙe da yawan da ta koma. Akwai mai auna ruwan da ke tsere wa fata ya bi iska, akwai mai auna maiƙo, akwai mai auna duhun launi da ja. Tamoji kuma ko dai a haska wasu layukan haske a fuska kwamfuta ta fitar da zurfin kowane, ko a shafa wani danƙo mai laushi ya bushe a ɓanɓaro shi da hoton tamojin a jikinsa. Kaurin fata da na'urar sikanin ake gani, 'yar uwar wadda ake duba ciki da ita.

Lambar nan ta 51 lissafi ne kawai. Kwamfutar ta kwatanta hotonki da hotunan wasu mutane da aka zuba mata, ta ce kin fi kama da 'yan 51. Su wane ne mutanen? Launin fatarsu irin naki ne? Wannan yarinyar shago ba za ta iya amsa miki ba.

Hajiya Mai Dilka:
Ikon Allah. Wato Ummi abin da nake yi da yatsa biyu shi ne kuka ƙera wa inji?

Ummi ta Jamus:
Shi ne Hajiya, wallahi. Bambancin dai ita tana rubuta lamba, yatsa kuma yana mantuwa bayan wata uku.

Baban Abba:
Ni fa duk wannan bai dame ni ba. Baƙar fata ba ta tsufa. Ku dubi Turawa, mace 'yar 45 duk ta yamushe kamar busasshiyar kuɓewa, mu kuwa kakata ta haura 80 goshinta sumul.

Dakta:
Salam. Yanzu na fito daga asibiti na tarar da zancen. Baban Abba, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma shi ke kawo mana marasa lafiya a makare.

Bari in fara da abin da ke faruwa a ciki. Fata hawa-hawa ce. Ta sama siririya ce, kullum tana saɓulewa tana sabuntawa, a jikin matashi cikin kamar sati huɗu, in shekaru suka ja sai ta riƙa jinkiri, shi ya sa sheƙi ke raguwa. Ta tsakiya ita ce mai aikin, a nan kolajin yake da ilastin, ɗaya shi ne ƙarfin fata, ɗaya shi ne danƙonta. Daga an girma, kolajin yana raguwa da kusan kashi 1 cikin ɗari duk shekara. Mace kuma in al'ada ta ɗauke mata, takan rasa kusan kashi 30 cikin ɗari a shekara biyar na farko. Shi ya sa za ka ga baiwar Allah ta daɗe fuskarta tsaye, sai cikin shekara uku kowa ya ce ko ta yi ciwo ne. A ƙarƙashi akwai kitse, yana raguwa a wani wuri yana gangarowa a wani. Har ƙashi ba a bar shi ba, gurbin ido yana faɗaɗa, muƙamuƙi yana zaizayewa, balle in haƙora sun zube. Yawancin abin da muke kira tsufan fata a gefen baki da ƙasan ido, rufin ne ya saki don azarar da ke riƙe da shi ta rage. Babu man da ke kaiwa can.

Gaskiyarka ita ce melanin, sinadarin da ya sa muke baƙaƙe, laima ce. Wani bincike na 1979 ya kiyasta cewa fatar sama ta baƙin mutum tana ba da kariyar rana da ta kai SPF 13 (SPF shi ne ma'aunin ƙarfin man kariyar rana), ta Bature kuma wajen 3. Don haka tamoji kan makara zuwa mana da shekara goma ko fiye. Amma tsufanmu ta wata ƙofar yake shigowa. Launi ya daina zama ɗaya, goshi da kumatu su yi duhu, tabon ƙurji ɗaya ya yi wata shida bai tafi ba, tsakiyar fuska ya zubo, layin nan daga hanci zuwa gefen baki ya yi zurfi. Sai kuma 'yan baƙaƙen tsiron nan kamar ƙwayar gero a kumatu da wuya, irin na fuskar ɗan fim ɗin nan Morgan Freeman. Ba su da illa, gado ne. Wanda ya tsaya ƙirga tamoji kawai zai ce ba mu tsufa.

Maman Iman:
Dakta, waɗannan tsiron kam mahaifiyata tana da su, ni ma guda uku sun fito mini a ƙasan ido. Ashe ba cuta ba ce. To ɗige-ɗigen da na gani a allon fa?

Dakta:
Hoton da aka ɗauka da haske irin na rana wanda ido ba ya gani ne. Melanin yana shanye wannan hasken, sai duk inda ya taru ya fito baƙi. Kowane baligi aka ɗauka haka zai ga abin da zai tsorata shi, har ita yarinyar shagon.

Inna ta Maraɗi:
Sannunku da hira. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ina da abin da na gani da idona. Mahaifiyata da ƙanwarta shekara biyu ne tsakaninsu. Ita mahaifiyata aka kawo ta birni, auren kulle, in ta fita sai da dare. Ƙanwar tana ƙauye wajen Dakoro, noma, itace, rijiya, ba ranar da ba ta faɗi a kanta ba. Lokacin da suka haɗu a bikin ɗiyata, baƙi suna gaida ƙanwar suna ce mata Kaka, suna zaton ita ta haifi mahaifiyata. Bayan wuyanta ya yi kauri ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Amma da ta tuɓe riga za ta yi wanka, bayanta da cinyarta sumul kamar na budurwa. Kuma dukansu man kaɗanya suke shafawa tun suna yara.

Dakta:
Inna, kin ba da darasin da muke yi wa ɗalibai awa guda. Tsufa iri biyu ne, na shekaru da na rana. Wanda ke son ya ga bambancin ya ɗaga hannu ya dubi fatar cikin damtsensa, kusa da hammata, ya kwatanta da bayan hannunsa. Ranar haihuwarsu ɗaya.

Akwai wani hoto da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 2012. Wani direban babbar mota ne a Amurka, ɗan shekara 69, ya yi shekara 28 yana tuƙi. Gefen hagu na fuskarsa, wanda ke wajen taga, ya yi kauri ya tattare kamar na wani tsoho daban, gefen dama kuwa da sauransa. Hasken UVA, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, yana ratsa gilashin taga.

Baban Abba:
Subhanallahi. Shekara 16 ina Kano zuwa Abuja. Bari in nemo madubi.

Baban Abba:
Jama'a hannuna na hagu ya fi na dama baƙi. Na janye maganata rabi.

Anti Nas:
Ni abin da nake jira a taɓo ba a taɓo ba. Ana ta rana, rana, alhali mu da kanmu muke yaye laimar da Dakta ya ambata. A wurin aikina ina ganin mata 'yan 30 da fatar da in ka riƙe hannunsu za ka sa allura sai ka ji tsoro, jijiyoyi kore a fili, ga nankarwa har a damtse. In aka yi musu ɗinki ba ya kamawa da wuri. Kumatu kuma sun yi baƙi ƙirin, abin da mata ke kira ƙunar rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da rahoto a 2011 da ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. NAFDAC ma a 2023 ta ce abin ya kai matsayin dokar ta-ɓaci. Maman Iman, ba zargi ba ne, amma me kike shafawa?

Maman Iman:
Anti, ba zan ɓoye ba. Bayan haihuwar Iman kumatuna suka yi duhu, wata ƙawata ta ba ni wani haɗi a roba, ba suna a jiki. Na yi kamar shekara biyu ina shafawa. Da farko na yi kyau har ana tambayata. In na daina kwana uku sai fuska ta yi ja ta hau ƙaiƙayi da ƙuraje, sai in koma. Bara dai na daure na bari gaba ɗaya.

'Yar Gata:
Ni fa gaskiya an cika ɗora wa mai laifi. Ba kowa ke son zama Baturiya ba, wasu tabo kawai suke son gogewa. Kuma ku maza da kuke zagin masu bilicin, in an zo zaɓen mata wa kuke bi? Shekarata biyar ina shafa nawa, ba abin da ya same ni.

Anti Nas:
Maganar maza kam kin faɗi gaskiya, ba zan musa ba. Amma ƙanwata, shekara biyar ba ta isa shaida ba. Waɗanda nake gani ma haka suka ce a shekara ta biyar.

Dakta:
'Yar Gata, son goge tabo ba laifi ba ne, mu ma muna rubuta maganinsa. Matsalar ita ce me ke cikin robar, nawa ne, kuma har yaushe. Abin da Maman Iman ta kwatanta, fuska ta yi bore in an daina, alamar sitiroyid ce mai ƙarfi, irin wanda za ki ga an rubuta Clobetasol a kwalinsa. Maganin cutar fata ne na 'yan makonni. In aka ɗauki shekaru ana shafawa yana hana fata ƙera kolajin, ta sirance. Wato abin da shekaru ke yi sannu a hankali, shi yana yinsa da gudu. Na biyu Hydroquinone, in ya daɗe a fata yakan juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, mai wuyar magani ƙwarai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na uku zaiba, ita ba a fata take tsayawa ba, ƙoda take nema, kuma tana iya kaiwa ga jariri.

Maman Iman, duhun da ya fito miki bayan haihuwa sananne ne, ciki da rana ke tayar da shi. Da an same shi tun farko da ya fi sauƙi. Ki je a duba ki ido da ido, ba zan rubuta miki magani a nan ba.

Ɗan Kemis:
Dakta a taimaka mana da wannan. Kullum sai an tambaye ni garin kolajin na sha, gwangwani ɗaya kuɗin buhun shinkafa ƙarami. Yana aiki?

Dakta:
Ciki ba ya sanin sunan abin da aka zuba masa. Zai narka shi kamar yadda yake narka ganda da ƙafar saniya. Akwai binciken da suka nuna ɗan ƙarin laushi, amma da yawansu masu sayar da garin ne suka biya kuɗin yinsu. Abin da ke da hujja mai ƙarfi guda biyu ne, kuma ba su da daɗin talla. Man kariyar rana, da wani maganin shafawa mai suna Tretinoin. A garin Nambour na Ostireliya an bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, wasu suna shafa man kariya kullum, wasu sai sun ga dama. Da irin danƙon da Ummi ta faɗa aka ɗauki hoton bayan hannunsu a farko da ƙarshe. Masu shafawa kullum tsufan fatarsu ya gaza na sauran da kashi 24 cikin ɗari. An buga sakamakon a 2013. Tretinoin kuwa yana sa fata ta ƙara ƙera kolajin, amma yana ɗaye fuska da farko, a baƙar fata in aka yi gaggawa sai ya bar tabo, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa shi. Don Allah kada ka miƙa wa kowa shi ba takarda.

Sai taba. A bikin tagwaye da ake yi duk shekara a Twinsburg ta jihar Ohio an ɗauki hotunan tagwaye masu kama ɗaya, wanda ke shan taba ya fi ɗan uwansa jakar ƙasan ido da tamojin leɓe.

Ummi ta Jamus:
Dakta, da izininka zan ɗan ja da kai a nan. Mutanen Nambour yawancinsu farare ne. Ba na musun man kariya, musamman ga mai tabo, amma wannan 24 ɗin ba lambarmu ba ce. Matsalar da nake gani a wurin aikina ke nan kullum. Ma'aunin Fitzpatrick da kowa ke amfani da shi wajen rarrabe nau'in fata, likitan Harvard ne ya tsara shi a 1975 don sanin yawan hasken da za a ba fararen marasa lafiya. Rukuni huɗu ne da farko, daga baya aka liƙa na 5 da na 6 don a samar mana wuri. Tambayarsa ita ce, in ka shiga rana kana ƙonewa ka yi ja? Ka tambayi Bafulatana da Babarbariya da 'yar wankan tarwaɗa wannan tambayar ka ga ko za ta raba su. Ma'aunin Glogau na tsufan fuska kuma hawa huɗu ne kuma duk a kan tamoji aka gina shi: babu tamoji, tamoji in an motsa fuska, tamoji ko ba a motsa ba, sai fuska duk tamoji. Mace irin Anti Maman Iman za ta iya zama a hawa na ɗaya alhali launin fuskarta ya rabu uku. Sai a 2022 Google ya fito da ma'aunin Monk mai launi goma, shi ma launi kawai yake rarrabewa.

Dakta:
Na karɓi gyara, lambar ba tamu ba ce. Shi ya sa ni a ɗakin duba marasa lafiya na fi yarda da idona da hoton da na ɗauka a wuri ɗaya, haske ɗaya, bayan wata uku in sake. Ido ba abin rainawa ba ne. A Denmak an nuna wa mutane hotunan tagwaye 1,826 masu shekara 70 zuwa sama aka ce su ƙiyasta shekarunsu. Aka bi su shekaru, sai aka ga wanda aka ce ya fi tsufa a fuska shi ya fi yawan riga ɗan uwansa rasuwa.

Ummi ta Jamus:
Ido yana da son rai, Dakta. Wanda ya rubuta magani yana son ya ga ya yi aiki. Na'ura ba ruwanta. Amfaninta shi ne ta kwatanta mutum da kansa, yau da bayan wata uku, a ɗaki ɗaya. Laifin na wanda ya sa ta faɗin shekaru ne.

Hajiya Mai Dilka:
Ku dai ku yi ta yi. Ni tambayata, dilka da halawa da kurkum ɗina suna cikin masu laifi ko a'a? Don in san ko zan rufe shago.

Dakta:
Kada ki rufe, Hajiya. Dilka tana kankare matacciyar fatar sama, shi ya sa amarya ke sheƙi, amma ba ta kai ga kolajin. A dai rage dirza da ƙarfi a fuska, a kuma bar zuba man tube a cikin haɗin. Man kaɗanya da basilin kuma suna tare ruwa kada ya gudu, a hunturu babu kamarsu, a shafa jiki da ɗan danshinsa bayan wanka. Siraran layukan da bushewa ke jawowa suna ɓacewa, masu zurfin suna nan.

Hajiya Mai Dilka:
Ni ba na zubawa. Amare ne ke zuwa da abinsu a jaka su ce in ƙara.

'Yar Gata:
Dakta na duba kwalin nawa. Akwai wannan Clobe ɗin. In daina yau?

Dakta:
Bayan shekara biyar kada ki yanke shi dare ɗaya, fuskar za ta yi miki bore ki koma da gudu. Ki ɗauki kwalin ki je wurin likitan fata a janye miki shi a hankali.

Maman Iman:
Na dawo da rahoto. Yau da safe na wanke fuska, na shafa ɗan man kaɗanya, ban sa hoda ba, na koma shagon na ce a sake. Na zauna kusan rabin awa a cikin sanyin shagon kamar yadda Ummi ta ce, ina yi kamar ina duba turare. Ta ba ni 43. Kwana biyar na rage shekara takwas. Na ce wa yarinyar ita ma ta ɗora haɓarta mu gani, ta ce wai an hana ma'aikata. Mayukan dai guda huɗun nan ta sake jero mini, har da ragin dubu biyar.

Baban Abba:
Turo mini kwatancen shagon ta akwati. Gefen dama kawai zan ba ta.